Kyamara a Falon Gwaggo

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, kuma a cikin manyanmu ita kaɗai ta rage. Gidanta yana Tirkaniya, ni kuma ina Nasarawa inda nake ɗinki, keke mai ƙafa uku ɗaya ke kai ni wurinta idan ba a yi ruwa hanya ta ɓaci ba. Mijinta, Allah ya jiƙansa, shi ya gina gidan da guminsa zamanin da masaƙu ke aiki, zamanin da in aka tashi ma'aikata titi ke cika da kekuna har ka rasa inda za ka sa ƙafa. Ɗakuna ya jera mata reras, don a tunaninsa yara za su cika su. Ai da gaskiyarsa. Kakarmu goma ta haifa har da ɗoriya, kuma a gidanta tsoho bai isa ya yi tari sau biyu ba wani bai leƙo ya ce sannu ba. To, ita Gwaggo biyu Allah ya ba ta. Namijin ya rasu yana saurayi, aka bar ta da 'yar farinta, wadda ko sunanta ba ta kamawa saboda kunya, sai dai ta ce "yarinyar nan". Ɗakunan nan suna nan a rufe, ɗaya ma kaji ne ke ƙwai a ciki.

Yarinyar nan taubashiyata ce, tun muna 'yan mitsi-mitsi muke tsokanar juna, har yau da furfura ta fara leƙo mu ba mu daina ba. Ta yi karatun nas, ta yi aure, mijinta ya sami aiki a Turai suka tattara suka tafi. 'Ya ɗaya tal gare su. Ni ma da nake wannan dogon surutu biyu na haifa, ɗaya yana Legas ɗaya tana Abuja, sai da Salla nake ganinsu, saboda haka ba ni da bakin yi wa kowa gori. Amma na yi mata. Ranar da ta gaya mini a gidan kula da tsofaffi take aiki, na ce, "Ke dai ba ki ji kunya ba! Kina can kina wanke uwar wasu, taki tana nan tana jan guga." Ta yi dariya, sai kuma na ji muryarta ta canza. Ta ce a garin da suke za ka yi tafiya mai nisa ba ka ji kukan jariri ba, tsofaffi ne ko'ina, kowa a ɗakinsa daga shi sai na'ura. Ta ce duk tsohuwar da ta ɗaga, uwarta take gani. Na bar tsokanar, don wannan ba wurin wasa ba ne.

Bari in gaya muku wace ce Gwaggo. 'Yar ƙaramar mace ce, in ta tsaya kusa da ni kafaɗata kawai take kaiwa, amma bakinta, kai! Mai nama ya san ta, mai gyaran famfo ya san ta, ni kuwa na fi kowa sani. Ba ta taɓa bari wani ya share mata tsakar gida ba, wai mu 'yan zamani shafa ƙasa muke yi ba shara ba. Tana da 'yar gonar rama da alayyafo a bayan kicin, kuma ba mai taɓa mata ganye sai da izini. Lokacin da gari ya rikice mutane suka riƙa kwashe kaya suna tsallaka kogi, mun yi mun yi da ita ta dawo cikin dangi, ta ce ba inda za ta. Maƙwabciyarta ta jikin katanga, wadda duk unguwa ke kira Mama, Kirista ce daga kudancin jihar nan. Tare suka yi goyo, kusan tare suka rasa mazajensu. Kullum da rana tsaka Mama za ta ɗaga murya ta kan katanga, "Hajiya, kina nan?" Gwaggo ta ce, "Yo ina zan je?" Gaisuwar ke nan.

In ka je mata lokacin zafi, a ƙasan falo za ka same ta, ta ɗaura zani a ƙirji, kai ba ɗankwali, tana cin abincinta rediyo na ta yi a gefe tana ba shi amsa. In ta ƙoshi ta mirgina nan inda take ta yi barcinta. Ba mai ce mata don me.

Sai hawan jini ya zo. Jiri ya kwashe ta wata rana a bakin rijiya, Allah ya taimaka ba ta faɗa ciki ba. Taubashiyata ta baro aiki ta taho hankali a tashe, kuma da magana ɗaya ta zo: Hajiya ta shirya, za a yi mata takardu ta koma wurinsu. Ina zaune aka yi. Gwaggo ta bari ta gama tsaf, sannan ta ce, "Ni ba za ni inda in na mutu za a sa ni a firij ana neman jirgi ba. A nan aka wanke mijina, a nan aka wanke ɗana. Waɗanda suka san ni su za su wanke ni, a kai ni kafin rana ta faɗi." Aka yi kuka, aka yi fushi, aka kwana aka tashi. Daga ƙarshe suka yi sharaɗi. Gwaggo za ta zauna a gidanta, amma za a sa mata kayan da za a riƙa ganinta daga can. Ranar da kayan suka kasa, ko ta sake faɗuwa, to ba sauran gardama, jirgi za ta hau. Gwaggo ta ce ta yarda.

Surukinta, mijin taubashiyata, shi ya ɗauki nauyin komai. Aka sa sola saboda rashin wuta, aka kafa kyamara ɗaya a kusurwar falo, ɗaya a baranda tana kallon tsakar gida har ƙofar kicin. Aka kawo abin awon jini, da wani akwatin magani da ke ƙara in lokacin sha ya yi, da wani abu kamar agogo da za ta ɗaura a hannu, in ta faɗi ta danna. Ni na ɗauka kwana biyu za ta yi ta watsar da su. Ina! Ashe ban gama sanin Gwaggo ba. Matar da ba ta taɓa zama a aji ba, sai ga ta tana karanta lambobin awon jini tana cewa, "Yau na saman ya hau, gishirin jiya ne." Akwatin magani in ya yi ƙara sai ta ce masa, "Na ji, na ji, ni ba kurma ba ce." Kafin ka ce kwabo tsofaffin layin sun gano. Da safe sai ka tarar da su a jere a baranda, Mama a gaba, kowa ya naɗe hannun riga, Gwaggo tana ɗaura musu abin awo tana yi musu faɗa a kan mai da gishiri kamar ita ta ƙera na'urar. Wallahi na yi alfahari da ita.

Kyamarar kuwa ta ɗauke ta tamkar 'yarta ce zaune a kusurwa. Da safe ta ɗaga mata hannu. In ta fige kaza ta ɗaga ta sama a gani. Ba abin da ta canza na zamanta, don a wurinta 'yar da ta haifa ce ke kallo.

Wata Lahadi da la'asar na je, na tarar suna waya ta bidiyo, Gwaggo na cin ɗanwake. Taubashiyata tana ba da labarin wahalar aiki, sai ta ce, ba tare da ta san abin da ta faɗa ba, "Ai mu ba a barinmu mu riƙe waya a bakin aiki. Baban yarinya ne ke duba ki, tunda shi a gida yake aikinsa. A wayarsa ma abin yake."

Na kalli Gwaggo. Abin da ke hannunta ta mayar cikin kwano a hankali. Ta miƙa hannu ta jawo mayafina da na ajiye a kan kujera ta rufa. Ta ce, "Tun yaushe?" Taubashiyata ta ce, "Tun farko mana. Me ya faru?" Gwaggo ta ce, "Ba komai. Ki gaishe shi." Ta miƙo mini wayar.

Wanda bai san irin su Gwaggo ba zai ce to mene ne a ciki. Mutumin nan tun da ya auri 'yarta bai taɓa ganin tsakar kanta ba, bai taɓa ganin ta kai ko ruwa baki ba. In ya zo gaisuwa tun daga ƙofar gida yake cire takalmi, ya durƙusa a bakin falo kansa a ƙasa, ita kuma ta kau da fuska ta amsa a taƙaice. Ko a waya ba su taɓa wuce "an yini lafiya" ba, sauran saƙo sai ta bakin 'yarta. Haka ta ga uwarta ta yi da surukanta, haka ita ma ta yi, kuma tana ji da wannan kunyar yadda wasu matan ke ji da gwal ɗinsu. Yanzu a ce wata da watanni yana kallonta tana lasar yatsa, kai ba ɗankwali! Taubashiyata ta san duk wannan, a cikinsa ta tashi, amma zaman can da gajiyar aiki sun sa abin bai ko zo mata a rai ba.

Na ce, "Gwaggo, bari in kira ta a gefe in gaya mata a raba shi da abin nan." Ta ce, "Kul! Mutum ya yi ɗawainiya, ya bar aikinsa yana gadina, sai in aika masa cewa ya yi rashin kunya? Da wace fuska zai sake gaishe ni? Kuma ita ba ta riƙe waya a wurin aiki, kin ji da kunnenki. In aka ce ba mai dubawa, me ya rage? Jirgi." Na ce to a riƙa rufe kyamarar da ƙyalle lokacin cin abinci. Ta galla mini harara. "In rufe wa surukina ƙofa a fuska? Ke wa ya yi miki tarbiyya ne?" Ta sa na yi mata alkawari ba zan gaya wa 'yarta ba. Na yi, amma raina yana ƙuna.

Daga ranar Gwaggo ta zama baƙuwa a falonta. Tsakiyar bazara ce, irin zafin da kwanon rufi ke ƙara da rana, amma za ka same ta cikin riga da zani da ɗankwali da mayafi, zaune a kujera ta haɗa gwiwa kamar mai jiran layin likita. Ta daina kwanciya a ƙasa. Ba ta isa ta shige ɗaki ta daɗe ba, don in aka jima ba a ga motsinta ba saƙo zai shiga wayar surukin ya gaya wa 'yarta, waya ta yi ƙara, "Hajiya ina kika shiga?" Abinci kuwa, ko ratsa falo da kwano a hannu ba za ta yi ba, balle ta ci. Akwai wani ɗan sito a jikin kicin inda take ajiye buhun masara da tsofaffin tukwane, ba taga ba iska. Nan take shiga, daga tsaye ta tura abin da ya samu, jiƙaƙƙen gari ko gutsuren burodi, ta goge baki ta fito kamar wadda ta je ɗauko tsintsiya. Magani kuwa ba ta fasa ba. Akwati na yin ƙara za ta ɗauka ta shige ɗaki ta haɗiye, a kan cikin da ba komai.

Taubashiyata har murna take yi. In ta dawo aiki ta leƙa wayar mijin sai ta kira ni, "Kin ga yadda Hajiya ke cin ado kwanan nan?" In ce, "Uhm." Kamar in fasa ihu. Mayafin ya ɓoye mata ramar. Na riƙa kawo abinci daga gida, in tsaya a ƙofar sito ina fifita ta har ta ci, amma ni ma da ɗinkin mutane a kaina, ba kullum nake samun zuwa ba. Mama ta lura. Ta tare ni a hanya ta ce, "'Yata, me ke cin Hajiya? Wuyanta ya zama kamar na kaza." Na gaya mata, tunda ita ba ta cikin alkawarin. Ta riƙe haɓa ta ce, "Yesu! To ai mu ma haka ne a garinmu, uwata har ta mutu ba ta ci a gaban mijina ba. Amma ta waya kuma?" Ta je ta yi mata magana, Gwaggo ta yi kunnen uwar shegu da ita.

Ranar da abin ya faru, Mama ta yi kiranta na rana ta kan katanga, shiru. Ta sake, shiru. Ta zagayo ta tura ƙofa, ta duba falo, ta duba ɗaki, ta duba bayi. A sito ta same ta, kwance tsakanin buhu da bango, ɗan kofin gari ya kife a gefenta. Abin dannawar yana ɗaure a hannunta, amma wanda ya suma ai ba ya danna komai. Mama ta kwarma ihu, maƙwabta suka taru, aka sa ta a keke sai asibiti. Ina cikin yanka atamfar wata mata aka kira ni, har yau ban san inda na jefar da almakashin ba.

Likita ya ce yunwa ce da ƙishirwa, ga magani mai ƙarfi. Ya dube ni ya tambaya ko ba mai ba ta abinci a gida. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gwaggo kuwa da ta farfaɗo, abin da ta fara tambaya shi ne, "An gaya wa yarinyar nan?" An gaya mata mana. Kafin a sallame mu har ta fara neman takardu. Ta kira ni tana kuka tana faɗa, "Sharaɗi muka yi. Ta faɗi, kuma duk kayan nan ba su gan ta ba. Ta daina cin abinci, ta koma ɓuya a lungu. Irin wannan na san shi, kullum ina ganinsa a wurin aiki, daga nan sai mantuwa. Ba zan zauna a kira ni a ce an tsinci gawarta ba." Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Amma na san ba mantuwa ba ce, ga bakina a ɗaure.

Na koma wa Gwaggo na ce, "Ko ki sake ni in faɗa, ko in faɗa ba da izininki ba, ki tsine mini daga baya." Ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce, "Ba ke za ki faɗa ba. Ki tuƙa mini tuwo ranar Lahadi, miyar kuɓewa ɗanya, ki zo da shi da la'asar."

Na zo da shi. Na tarar ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar falo, Mama na zaune a gefe. Ta rame ƙwarai, mayafin ma kamar ya fi ƙarfinta. Aka kira, taubashiyata ta fito a waya idanu jajur, ta fara bayanin yadda za a je ofishin biza. Gwaggo ta katse ta.

"Yana kusa?"

"Wa?"

"Maigidanki. Ki ba shi wayar."

Taubashiyata ta yi sororo. Can sai ga shi, ya sunkuyar da kai, hularsa kawai muke gani, yana cewa, "Hajiya barka da yamma, ya ƙarfin jiki?" Gwaggo ta ce in jingina wayar da buta yadda zai gan ta sosai. Ta wanke hannu. Ta buɗe kwano.

Ta ce, "Malam, ɗago ka dube ni." Tun da nake ban taɓa jin ta yi masa maganar da ta wuce gaisuwa ba. "An ce na daina cin abinci, an ce hankalina ya fara tafiya. Hankalina ƙalau yake. Kunyarka nake ji, shi ya sa nake ɓuya. To ga ta nan na ajiye. Daga yau a nan zan riƙa ci, a gabanka, ka zama shaida. Ni dai a bar ni a ɗakina."

Ta yanko loma, ta dangwali miya, ta kai baki, idonta a kan wayar. Da ƙyar ta haɗiye. Hawaye na bin kumatunta, ta sake yankowa.

Sai muka ga silin ɗin ɗakinsu. Ko wayar ce ta suɓuce masa, ko ajiye ta ya yi, oho. Muryarsa kawai muke ji, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya, don girman Allah ki bari. Ki yafe mini." Babban mutum da furfura a gemu, kuka yake yi wiwi. Muka ji yana gaya wa matarsa, "Wallahi tun da aka sa abin nan ban taɓa kallon fuskarta ba. Tafin hannu nake sawa in rufe saman wayar, ƙafafunta kawai nake dubawa. In na ga sun motsa sai in ce lafiya lau, in kashe. Na kasa gaya miki ne kada ki ce ina ƙyashin yi wa mahaifiyarki hidima."

Jama'a, ku ji fa! Ita tana nan tana kashe kanta da yunwa don kada ya gan ta, shi yana can yana kare ido don kada ya gan ta. An kafa na'ura tana tsallaka teku, ashe ƙafa kawai take kaiwa. Mama ta fashe da dariya tana share hawaye da bakin zani. Ni kuwa alkawari ya warware, na buɗe baki na zazzage komai, siton, garin, mayafin cikin zafi, ban rage ko ɗaya ba. Na ce wa taubashiyata, "Ke kuma nas ɗin banza, ba a gidan nan kika tashi ba?" Ta ɗauki wayar ta kasa rama mini, sai "Wayyo Hajiya, wayyo Hajiya" kawai take yi.

Da ta ɗan natsu ta ce, "To yanzu wa zai riƙa dubawa? Ni ba ni da hali, shi ba zai iya ba." Na ce, "Ni mutuwa na yi? A mayar da abin wayata. Keken ɗinki ba ya hana ni kallo, kuma ni ba abin da ban gani ba a jikin tsohuwar nan." Mama ta ce ita ma a ba ta makulli, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Taubashiyata ta share ido. Sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Hajiya, ni tsoro nake ji. Ni kaɗai gare ki, kuma ba na nan." Gwaggo ta ce, "Na sani. Ba ki yi laifi ba. Da Allah ya ba ni da yawa, da wannan kaya bai faɗo a kanki ke kaɗai ba." Maganar nan ta shige ni har ƙashi, don nawa biyun na tuna.

Surukin ne ya yanke magana. Daga can gefe, ba tare da ya sake shigowa cikin hoton ba, ya ce wa matarsa, "Ki bar zancen takardun nan. Matar da ta yi abin da ta yi yau don ta zauna a ɗakinta, ba da ni za a raba ta da shi ba. Ki cire abin daga wayata yanzu, tana gani." Taubashiyata ta ɗaga wayarsa muka ga ta goge shi. Ta kalli uwarta, ta gyaɗa kai, ta ce sai ta sake kira.

Da aka kashe wayar, Gwaggo ta ture kwanon, ta ja mayafi ta rufe fuskarta ruf. Kafaɗunta na girgiza. Na san abin da ta ajiye a kan tabarmar nan, daga hannun uwarta ta karɓe shi, kuma ba ya ɗaukuwa a mayar. Ni dai ban taɓa ganin ƙarfin hali irin wannan ba, na kuma faɗa mata, ko da yake ban sani ba ko ta ji.

Can ta ce daga cikin mayafin, "Ya tafi?"

"Ya tafi, Gwaggo."

"Ba ya gani?"

"Ba ya gani. An goge."

"Cewa ya yi in zauna?"

"Cewa ya yi ki zauna."

Ta sauke mayafin, ta goge fuska da shi, ta fyace hanci. Ta dube ni da jajayen idanunta ta ce, "To miƙo mini kwanon nan, 'yar nan. Wallahi yunwa nake ji."